Larun Da Na Sa Hannu Ban Taɓa Ba Kowa Ba

Da sunan Allah. Ni ce Ngatinah, matar marigayi Kasmudi mai tempe, abincin nan na waken suya. Yau Laraba da hantsi nake rubuta wannan a baranda, na karya, na sha maganina, hankalina ɗaya. Ƙafafuna ne suka kumbura, kaina lafiyarsa ƙalau. Wanda zai ce tsufa ne ya sa ni wannan magana ya je ya tambayi liman, jiya na jero masa sunayen jikokina tara ban tsallake ko ɗaya ba. Aji biyu na yi a makaranta, rubutun a karkace yake, ku karanta a hankali. Zuwa gare ku ku uku, Harjuno da Sulastri da Trimo.

Na ɗaya. Gida a raba shi yadda addini ya ce, liman ya sani. Rumfar aiki da tukwanen dafa wake da kwanduna ba sa cikin gado, na ba Trimo tun da raina a gaban shaidu. Shekara ashirin da shida yana murje waken suya a bakin rijiya, ku biyu kuna Bandung kuna karatu da kuɗin waken nan. 'Yan kunnena na Lastri ne. Keken ubanku na Harjuno, in yana so. Ba shi da birki.

Na biyu, maganar laru, ita ce ta zaunar da ni rubutu. Ban shigo gidan ubanku da gona ko saniya ba. Ganyen bishiyar waru huɗu na shigo da su, da farar fumfunar nan da muke kira laru a bayansu, uwata ta naɗe mini a zane. Da ita muke shafa dafaffen wake mu naɗe a ganyen ayaba, kwana biyu ya kama ya zama tempe. Namu fari ne tas, ba ɗaci, kuma yana kwana huɗu bai juya ba alhali na wasu ya fara wari. Kun san yadda ake yi a garin nan. Laru ba a cinikinsa. Wadda nata ya mutu sai ta zago ta ƙofar baya ta roƙa, a miƙo mata ganye, ba tambaya ba gori. Matan da na ba sun fi talatin. Ni ma kaina sau biyu na zaga na roƙa, nawa ne dai ya dawo mini ta hannun wata.

Shekara shida ke nan, ranar ƙaramar Sallah, Harjuno ya zo daga kamfaninsa da murna. Ya ce Lastri ta duba fumfunarmu a ɗakin bincikensu, ta gano tana fitar da wani abu mai hana abinci saurin lalacewa, manyan masana'antu za su yi rububinsa. Sai ya ce da yaren 'yan birni larun za a dipatenkan. Ni kuma kunnena na Jawa ne, na ji dipateni, wato a kashe shi. Na ajiye ludayi na ce me ya yi maka da za ka kashe shi? Kuka yi ta dariya har Trimo ya ƙware da shayi. Harjuno ya ce Mbok, yadda kuke kirana, paten takarda ce ta hukuma, shekara ashirin ba mai taɓa abin sai da izininmu. Tun ranar duk wanda ya yanka kaza a gidan nan sai ya leƙo ya ce Mbok, na yi mata paten. Na bar ku kuka yi dariyarku.

Na uku. Wannan laifina ne, kuma kada wanda ya wanke ni bayan raina. Mutanen Singapura da suka zuba jari a kamfanin Harjuno sun ce hukuma ba ta ba da paten a kan abin da ya riga ya yaɗu a hannun jama'a. Sai Harjuno ya kawo mini takarda mai kan sarki, an rubuta cewa larun bai taɓa fita daga gidan Kasmudi ba. Ya karanta mini ita sau biyu, bai ɓoye mini komai ba. Na san ƙarya ce. Na dubi ɗana na fari, ya rame, mutum arba'in suna cin abinci a ƙarƙashinsa, na karɓi biro na sa hannu. Da yamma na sa sakata a ƙofar baya. Wadda ta fara zuwa roƙo bayan haka na ce mata nawa ma ba shi da lafiya, ganye yana rataye a bayana tana kallonsa.

Bayan shekara biyu maƙwabciyarmu Yu Paikem da mata goma sha ɗaya suka haɗa ƙungiya, suna busar da laru suna kai wa masu tempe na ƙauyukan dutse. Lauyan kamfani ya aiko musu wasiƙa, su daina ko a kai su kotu, wai suna satar fasaha. Paikem ba ta karatu, liman ya karanta mata a gaban mutane bayan la'asar. Harjuno, ka ce ba kai ka rubuta ba, lauya ne. Sunanka ne a ƙasa. Matar nan ita ta shayar da kai wata biyu lokacin da zazzaɓi ya ƙafar mini da nono. Ganyen da ke gidanta da hannuna na ba ta kafin a haife ka.

Na rubuta wata takardar na warware ta farko, liman da dagaci sun shaida, tana cikin gwangwanin biskit a ƙasan akwatina. A kai ta ofishin da aka yi paten kafin sadakar arba'in. Lastri ta gaya mini abin da zai biyo baya: takardarku za ta iya faɗuwa, mutanen Singapura su janye. Na ji, na fahimta, a kai. Ba zan kwanta a kabari da ƙaryar nan a ƙarƙashin kaina ba.

Na huɗu, shawara ce, daga wadda ba ta san boko ba amma ta yi shekara shida tana jin rigimarku. Abin da ke hannunku kashi uku ne, kuka zuba su a kwando ɗaya. Akwai wanda kuka ƙirƙira da kanku. Hanyar da Lastri ta gano ta busar da laru ya shekara bai mutu ba, ba firji ba komai, ba uwata ta ba ni ita ba, ba wanda ya taɓa yi a garin nan. Ita za ku yi wa paten, sunan Lastri a sama, ba a ƙasan na wani manaja da bai taɓa wanke kwalba ba. Akwai kuma wanda ake riƙewa a baki. Abin da ubanku yake haɗawa a ruwan jiƙon wake har larun ya yi ƙarfin nan, ban faɗa wa kamfani ba, kuma kada a rubuta shi a ko'ina. Ai kun ce mai neman paten sai ya zayyana komai kowa ya karanta, bayan shekara ashirin ya zama na duniya. Wannan ya yi shekara hamsin a bakin mutum biyu bai zube ba. Trimo ya san shi. Na rantsar da shi ba zai faɗa wa ɗayanku shi kaɗai ba, sai ku biyu kuna zaune a tabarma ɗaya. Na ƙarshe shi ne larun kansa, wannan na gari ne, ku sakar wa gari abinsa. Kada ku aika wa matan nan takardar wai kun ba su izini. Ba ku da izinin da za ku ba su. Daga yau kuma duk takardar da ta shafi abin gidan nan, hannu uku ko babu.

Na biyar. Akwai abin da Trimo kaɗai ya sani. Daminar bara aka yi ruwa kwana goma sha ɗaya ba rana, Trimo yana kwance a asibiti, ni kuma ƙafa ta hana ni hawa in juya ganye. Larun ya yi baƙi, ya mutu duka. Na uwata, wanda na shigo da shi. Na kira Harjuno a waya, ban gaya masa dalili ba, na ce a aiko mini daga larun da kuka daskarar a ma'ajiyar hukuma don paten. Ya ce sai an rubuta, sai masu jari sun amince, mako uku ko huɗu. Ni da na kawo shi a zanena. Na zauna a bakin murhu na rasa ƙofar da zan zaga, duk na rufe su da hannuna. Safiya ta huɗu na buɗe ƙofar baya zan zubar da toka, sai ga ganye biyu rataye a ƙusa, farare tas, an ɗaure su da zaren ayaba irin ƙullin Paikem. Ba ta yi sallama ba, ba ta aiko kowa da magana ba, har yau in mun haɗu a hanyar masallaci ƙasa take kallo. Duk tempen da kuka ci a gidan nan tun bara, har wanda Harjuno ya tafi da shi Bandung ya ce babu kamar na uwarsa, na wadda kuka kira ɓarauniya ne. Sau biyu na dogara sanda har bakin shingenta. Na kasa shiga. Wannan shi ne abin da ke cina, ya fi ciwon.

Na shida. Harjuno da Lastri, shekara huɗu ba ku gaisa ba. Lastri, kin yi daidai da kika ƙi wasiƙar lauyan nan kika bar kamfanin. Amma kin kira yayanki maci amana a bikin 'yarsa, a gaban surukansa, yarinyar ta yi kuka cikin kwalliyarta. Gaskiyarki ba ta ba ki wannan ba, Nduk, 'yata. Ki nemi afuwarsa, ki nemi ta yarinyar. Harjuno, ƙanwarka ta yi shekara bakwai idonta a madubin bincike, ka bar su suka goge sunanta don ta yi maka musu. Ka mayar. In za ku zage ni kan na sa hannu, ku zage ni tare, na yafe.

Na bakwai, jana'izata. Kada a kawo tanti daga birni, kada a ɗauko mai hoto. A sadakar bakwai a ba mutane shinkafa da tempen gidan nan. Na umarci Trimo, ranar da na cika ya sauke duk ganyen da ke rataye ya sa a murhu, gidan ya kwana babu laru. Washegari Harjuno zai tafi gidan Yu Paikem a ƙasa, ba mota ba direba, ba leda a hannu, ba ambulan ɗin kuɗi. Ka zaga ta ƙofar baya, Le, ɗana, ka tsaya inda mata suke tsayawa, ka ce namu ya mutu. Ka gaya mata uwarka ta zo sau biyu ta kasa. In ta hana ka, ka koma gobe. In ta hana har kwana bakwai, a ba mutane shinkafa gaya, kowa ya san dalili.

Kun yi mini dariya a kan kalmar nan ta paten shekara shida. Ni na ji ta daidai, kisa ne, na kuma sa hannu duk da haka.

Allah ya yi muku albarka ku uku, da 'ya'yanku, da abin da hannuwanku za su ƙirƙira. Na yafe muku nonona da wahalata. Ku riƙa zuwa gida da Sallah ko ba ni, ku ci a faranti ɗaya ko kuna fushi. Trimo kada a bar shi shi kaɗai da rumfa don ba ya magana. Sakatar ƙofar baya na sa ya cire ta jiya, tana cikin gwangwanin tare da takardar. Kada wanda ya mayar da ita.

Uwarku, Ngatinah.