A Bar Koren Ƙyauren Jarwal a Buɗe

Zuwa ga mai girma Shehun masu gidajen saukar alhazai na unguwar Jarwal da ke kusa da Harami, da dukan masu gidajen da ke ƙarƙashinsa. Gaisuwa mai yawa da bangirma. Bayan haka:

Ni ne Sa'idu mutumin Kazaure, tsohon nan da ke zama a zauren gida mai koren ƙyaure yana yi wa baƙinku tafinta. Na rubuta wannan da hannuna. Ina roƙo a karanta ta a majalisarku, a fassara wa wanda ba ya jin Hausa, kada a sassauta ko kalma ɗaya.

Na farko. Tun da hajji ya koma cikin zafi kuka ɗauki wata al'ada. Da Muharram ya wuce sai ku kakkaɓe shimfiɗu, ku danna wa ƙofofi kwaɗo, ba ku sake buɗewa sai Rajab. Duk tsawon ɗari layin nan ba kowa, har mai gasa gurasa yakan kashe wutarsa ya tafi. Ni da nake kwana ƙarƙashin matakala akan naɗe mini tabarmata a miƙo mini. In hau dutsen Nakkasa, in shiga rumfar gwangwani. Gwiwoyina sun ƙare, ba na saukowa Harami sai Juma'a, wata Juma'ar ma daga kan dutse nake jin kiran salla. Ban taɓa kai ƙara a kan wannan ba, na ɗauke shi rabon tsufa.

Na biyu. Ku da jirgi kuke lissafi: ya zo an buɗe, ya tafi an rufe. Mutanenmu kuwa ƙafa ke kawo su. Mutum yakan yi shekaru a hanya, ya yi noma nan, ya tsinci auduga can, ran da ya samu ɗan jirgin da zai ƙetarar da shi teku ran nan yake ƙetarawa. Da yawa ma da gangan suke jiran sanyi, don rairayin gaɓa kisa yake da bazara. Ba su jin Larabci, ba su san kowa ba. Abin da suka riƙo tun daga gida shi ne: in ka isa Jarwal ka nemi koren ƙyaure, akwai mai jin maganarka. Ni na baza wannan magana ta bakin masu komawa, kuma mai gidan ya ci moriyarta kowane hajji.

Na uku, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami. Bara da ɗari Malam Tanko ya iso. Gaban malami ɗaya muka yi karatu, tare aka yi mana kaciya. Ya samu koren ƙyauren, ya samu kwaɗo. Bai ga wanda zai tambaya ba, sai ya jingina da ƙofar yana jira. Aka yi ruwan nan da ya gangaro daga duwatsu ya cika layi. Wani mai sayar da ruwa ya tsince shi jiƙe sharkaf, jiki kamar garwashi, ba abin da yake maimaitawa sai sunana. Bai daɗe ba ya cika. Ranar Juma'a aka kawo gawa Harami, na shiga sahu na sallace ta kamar kowa, ban san ta wane ne ba. Sai bayan na fito mai ruwan ya tare ni, ya miƙo mini sandar Malam Tanko. Ranka ya daɗe, ajali na Allah ne, ban musa ba. Amma kwaɗon nan hannun mutum ya danna shi, bayansa kuwa ɗakuna ne busassu, ba mai kwana ciki sai kyankyaso.

Na huɗu. Na san hujjojinku. Kun ce baƙon ɗari ba ya ɗauke kuɗin ruwa da man fitila. Wanda ya tako ƙasashe da gorarsa a kafaɗa ba ruwanku zai shanye ba, inuwa yake nema da ƙofa. Kun ce in sun shiga ba za su fita ba sai hajji ya riske su a ciki. To, a kafa sharaɗi tun daga bakin ƙofa, ni zan faɗa musu da harshensu. Kuma ku duba gidajen naku. Indararo kan toshe babu mai zarge shi, ruwa ya kwanta a soro, katakon taga ya ruɓe, kowace Rajab kafinta ne ke cin ribar rufewarku.

Na biyar. Da na baro gida na bar 'yata Hassatu tana goye wurin kakarta. Uwarta ta rasu a hanya. Wani da ya zo hajjin bana ya ce ya baro Hassatu da mijinta a Sawakin, can ɗaya gaɓar teku, suna jiran sanyi su ƙetaro. Ba ta san fuskata ba, ni ma ban san tata ba. Koren ƙyaure kawai ta sani. Ga sanyin ya shigo, ga kwaɗo a ƙofa.

Don haka ina roƙo. A bar zaure da ɗaki ɗaya na ƙasa a buɗe a gidan nan har Rajab. A ba ni tsaronsa, ba na neman lada, shara da zarge indararo suna wuyana. Kowane layi kuma a samu gida ɗaya da zai yi haka, ku riƙa karɓa-karɓa.

In kun ƙi, ba ni da ƙarfin jayayya da ku. Amma ku sani na riga na sauko da tabarmata, na shimfiɗa ta inda Malam Tanko ya jingina. Ba zan sake hawa dutsen nan ba. Ko Hassatu ta same ni a nan, ko mai ruwa ya tsince ni.

Allah ya ƙara wa Shehu lafiya da adalci, ya albarkaci gidajenku da zuriyarku, ya sa kada ɗayanku ya taɓa isa ƙofar da ya yi shekaru yana nufa ya same ta a rufe.

Wassalam.

Sa'idu mutumin Kazaure,
daga bakin koren ƙyaure, Jarwal.