Inda Ruwa Ya Kwanta a Kansa

Bakin Tafkin Chadi

Yaya Asama'u,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da yara da mutanen Ɗanzomo. Yaya ƙafar Inna? Ki shafa min kan Mairo. Direban motar bandar kifi da ke zuwa kasuwar Maigatari zai kawo miki wannan, don waya ba ta kamawa a nan.

Na iso kwana biyar bayan na fita takaba. Kin san alkawarin da na yi wa Inna, cewa zan ga inda aka kwantar da ɗanta da idona. Yaya, ban gani ba.

Ya'u, abokin cin raninsa, ya kai ni a kwalekwale. Ban taɓa ganin ruwa irin wannan ba. Ba shi da gaɓa sosai, ciyawa ce da tsibirai, kuma bai fi tsayin mutum zurfi ba. Wata ciyawar tafiya take yi ko babu iska. Hanyar da muka bi muka shiga, da na waiwaya ta rufe.

Muna cikin tafiya Ya'u ya ɗaga gorar tuƙi, ya ƙi mayar da ita ƙasa. Sai ya fara kuka. A nan suka binne Baban Mairo.

Su huɗu ne suka zo cin rani tare, duk 'yan wajenmu. Zazzaɓi ya ɗauke shi bayan ɗaukewar damina, suka ga fili busasshe, suka haƙa. Mu a ƙasar Gumel in sama ta daina zuba, ruwa ya ƙare. Ashe shi tafkin sai damina ta wuce yake cika, daga koguna masu nisa na kudu. Ba hadari, ba yayyafi. Da sanyi ya shigo, ruwa ya taho a hankali ya kwanta a kansa.

Na leƙa. Ruwan garau, amma fuskata kawai na gani. Tsuntsayen da ke ta kuka a baya, a wurin nan shiru. Na sa hannu, sai na ji ɗumi kamar shimfiɗar da aka tashi yanzu.

An ce in ruwa ya janye, manoma ke bin sawunsa da masara. Ba zan bari fartanya ta riga ni ba. Zan zauna wurin wata mai gasa kifi. Kada ki faɗa wa Inna tukuna.

Ƙanwarki,
Murja

*

Yaya Asama'u,

Ina gaishe ki da kewa. Allah ya sa zafin bana bai takura muku ba. Ni lafiya, sai rama.

Wata uku ina bin ruwan nan kullum da safe, yana ja ina matsawa. Shekaranjiya ƙasar ta fito. Ba tudu, ba itacen da Ya'u ya kafa don alama, laka ce shimfiɗe har iyakar gani. Jiya ta bushe ta tsattsage, sai wuri uku da suka ƙi bushewa. Kowanne tsayin mutum, kwance kudu da arewa, a jere kamar sahu.

Ya'u ya rantse mutum ɗaya suka binne, kuma babu kowa a filin a lokacin. Mai gonar, wani dattijo, ya daɗe yana kallo, ya saɓa fartanyarsa ya koma can gefe.

Na zauna a tsakaninsu har azahar, ina jiran zuciyata ta nuna min nasa. Ba ta nuna ba. Na saro ƙaya na kewaye duka ukun, na yi wa kowanne addu'a da sunan Baban Mairo.

Yanzu ki faɗa wa Inna na same shi, kuma ba shi kaɗai yake ba. Ina tafe ranar Alhamis in Allah ya yarda.

Taki har kullum,
Murja