Waken Auta, Yajin Yaya

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Anti da yara. Ƙafata tana nan yadda ka bar ta, a ɗaure kamar guntun itace. Mai ɗori ya ce in na kuskura na taka ko ƙofar gida, to in nemi wani ba shi ba. Waya kuwa ka san halin unguwar nan, ba ta shiga sai an hau bene, ni da bene kuma mun yi sallama. Shi ya sa na ba direban da ke zuwa wajenku wannan takarda.

Yaya, na ji a rediyo kun shiga yajin aiki, an garƙame jami'a, ɗalibai ma an sallame su. Tun daga lokacin hankalina bai kwanta ba. Wakena yana cikin gidan raga, bayan gonar sashenmu. Kai dai dariya kake yi mini, wai na shiga jami'a na ɓuge da noman bokiti, amma duk shekarun digirina suna cikin bokitan nan. Shuka bayan shuka ina aurar da wannan iri da wancan, ina neman wanda ciyawar wuta-wuta ba ta kashewa. Wannan ce shukar ƙarshe, ba ni da sauran iri a ajiye, lokacin da aka ɗibar mini na karatu kuma ya zo ƙarshe.

Baba mai ban-ruwa ɗan ƙungiyarku ne, na san ya ajiye butarsa. Malamata ta yi tafiya, ba a san ranar dawowarta ba. Kai ne mai tayar da injin ruwan jami'a. Don Allah ka tayar ko na ɗan lokaci, tankin gona ya samu, sannan ka lallaɓa Baba. Yanzu ne suke fure, yanzu ne ƙishirwa take kashe su.

A gaida Anti sosai.

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Wa'alaikumus salam. Takarda ta iso. Muna lafiya, Allah ya ƙara sauƙi. Antinki ta ce a gaya miki, idan kin warke ki bar wa masu babur babur ɗinsu, ƙafa biyu kawai aka ba ki.

Maganar inji, ki yi haƙuri, ba ta taso ba. Ranar da muka fara yajin, kowa ya zo da makullinsa: akawu, masinja, direba, mai shara, mai kula da ɗakin karatu. Aka zuba su cikin akwatin ƙarfe, aka danna kwaɗo, Ciyaman ya sa a bayan motarsa. Kin san bakin wa ya kawo shawarar akwatin? Bakin yayanki. Har tafi aka yi mini. Daga nan aka sa ni a kwamitin sa-ido, masu zagayawa suna kama duk wanda ya saci jiki ya yi aiki. Shekaranjiya ma ni na kama wata mai buga takardu, ta shiga ta taga don ta buga wa oganta wasiƙa. Tana kuka tana roƙona, na ce mata doka ba ta san kuka ba. Yanzu da wane ido zan je in ce a buɗe mini akwati saboda wake?

Ba don jin daɗi muke yi ba, Auta. Tun kina firamare nake tayar da injin nan, kuma ina nan a mataki ɗaya kamar an kafe ni da ƙusa. In malamai suka yi tari, hukuma da gudu take zuwa. Mu in mun faɗi, tsallake mu ake yi a wuce. Ba su san muna nan ba sai ranar da famfo ya ƙi kawo ruwa. To ga shi ya ƙi, kuma har yau ko kiranmu zama ba a yi ba.

Na je wajen Baba. Ya ce shi ma ba ya iya cin abinci in ya tuna da bokitan, amma ya rantse a gaban taro, ba zai zama tsohon banza ba.

Da muna zagaye na leƙa ta ragar. Suna nan da ransu, sai dai ganyen ya fara sunkuyar da kai. Ki yi addu'a a sasanta da wuri. Iyakar abin da ke hannuna ke nan.

Yayanki

*

Yaya,

Salamu alaikum. Na gode da amsa, a gaida kowa.

Ban ce ba ku da gaskiya ba. Da ina da ƙafa, da ni ma na zo na riƙe muku kwali a bakin ƙofa. Amma wake bai san ƙungiya ba.

Maigidana ya ɗauki hutun yini, ya cika jarkoki a mota ya yi wannan doguwar tafiya. Dogo mai gadi, abokinka, ya tare shi a ƙofa. Ya gaishe shi da mutunci, ya tambayi jikina, sannan ya ce ko kaza ba za ta shiga ba. Haka maigidana ya juyo da ruwansa. A ofishin hukuma kuma babu wanda zai karɓi takardar koke, don mai karɓar ma yana yaji.

Ina kwance ina kallon silin, ina ganin layukan bokitan ɗaya bayan ɗaya, na san wanda ke bakin rana zai fara tafiya. Kuka nake yi in babu kowa a ɗakin, ba zan ɓoye maka ba. Ban taɓa jin ba ni da amfani kamar yanzu ba.

Ba zan sake roƙonka ba, na san inda aka ɗaure ka. Na dai rubuto ne don ba ni da wanda zan gaya wa.

Auta

*

Auta,

Sallama. Idan kin karanta wannan, ki yayyaga ta. Ko maigidanki kada ya gani, bakinsa bai da murfi.

Akwai inda katangar bayan gona ta rushe, nan awaki suke bi. To yanzu an samu ƙarin bunsuru ɗaya mai keke. Da rana tsaka, lokacin da kowa yake gindin bishiyar bakin ƙofa yana sauraron jawabin Sakatare, sai in ce zan yi zagayen sa-ido. In koma gida, in cika jarka biyu a rijiyar maƙwabta, in ɗaura a keke in zagayo ta baya. Ƙofar gidan ragar waya ce kawai aka murɗa, ba kwaɗo. Kin ga ke nan ban taɓa inji ba, ban taɓa akwati ba. Haka nake gaya wa kaina, kuma ni ma ban yarda ba. Ban-ruwa aikin Baba ne, wanda ya yi aikin ɗan yaji kuwa sunansa ɗaya ne a wurinmu: maci amana. Ɓarawon da ɗan sandan duk ni ne.

Layin da ke bakin rana ya riga ya ƙone, ban same shi ba. Sauran sun miƙe. Furen ya zube, 'yan kwanso sun fito sirara kamar yatsun jariri. Wallahi da na gani sai da na tsaya. Ashe abin naki yana shiga rai.

Bayana ciwo yake yi, Antinki tana ta tambaya me ya sa wandona kullum a jiƙe. Na ce mata zufar gwagwarmaya ce.

Ba a kira zama ba har yanzu. Ki kwantar da hankalinki, ki ci abinci.

Yayanki

*

Auta,

Assalamu alaikum. Yaya ƙafa? Kin ji ni shiru kwana biyu, ba lafiya ba ce ta kawo shirun.

An kama ni. Matar nan mai buga takardu ce ta hango ni ina cusa keke ta katanga, kuma ban ga laifinta ba. Aka kira taro, aka ce in hau benci in fuskanci jama'a. Ciyaman ya tambaye ni, "Kai da ka kawo shawarar akwati, kai ne?" Na ce ni ne. Wani daga baya ya ɗaga murya, "A ba shi buta, ya samu sabon aiki!" Aka fashe da dariya. Baba kaɗai ne bai yi ba, kansa a ƙasa. Aka karɓe hular kwamiti a kaina, aka ce in sauka.

Wannan duk mai sauƙi ne. Labari ya kai kunnen hukuma, sai ga takardar yabo an manna a bakin ƙofa, wai ni ma'aikaci ne mai kishin bincike, a yi koyi da ni. Tsawon shekarun nan ba su taɓa sanin ina raye ba sai yanzu. Tun ranar in na yi sallama a layinmu, sai kowa ya duba wayarsa. Antinki ta daina zuwa rijiya, yara take aikawa. Mutanen da muka tsufa tare ne, Auta. Abin yana cina, ba ƙarya.

Amma ga labari mai daɗi. An yanke a toshe katangar. Ranar da magini ya zo, Dogo ya jawo ni gefe ya ce, "Kafin ya gama kwaɓa siminti, ni makaho ne." Na shiga da gudu. Kwanson duk ya bushe, wasu har sun fara fashewa suna zuba. Na ce in na bar su, ɓera ne zai yi digirin. Sai na yi abin da muka saba a gonar mahaifinmu, na rore shi kaf, bokiti bayan bokiti, har na ƙasa na tsince. Na kawo gida, muka zauna da Antinki da yara muka ɓare, ta sheƙe shi tas, muka ƙara masa rana. Fari, ja, mai ɗigo-ɗigo, gwanin kyau, na zuba a sabon buhu ɗaya na ɗinke bakin.

'Yan robobin nan masu lamba da kika ɗaura wa kowane tushe da zare, su ma ban bar su ba. Na kwance su duka, an wanke ƙurar, suna cikin leda daban don kada su ɓata. Direba zai ba ki duka biyun.

Ki rubuto ki ce mini aiki ya tsira. In na ji haka, benci da hular duk sun wuce a wurina.

Yayanki

*

Zuwa ga Malama,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina yi wa Malama barka da dawowa, da fatan an dawo lafiya.

Malama ta aiko tana tambayar halin da gwajin gidan raga yake ciki. Shukar ta kai, an kuma girbe ta. Sai dai wanda ya girbe ba ɗan fanninmu ba ne. Ya haɗa 'ya'yan dukkan tushen a buhu ɗaya, ya kuma cire lambobin ya tara su wuri guda. Kamar yadda Malama ta sani, amfanin aikin duka shi ne a san wace ƙwaya ce ta fito daga wane tushe. Na baje waken a kan faranti ina ƙoƙarin warewa da launi, amma tushen da ya jure wuta-wuta da wanda bai jure ba kamanninsu ɗaya. Ina da tabbacin irin da muke nema yana cikin buhun nan, ga shi a gefen gadona, amma ba ni da hanyar nuna shi. Sai dai a sake daga farko, ni kuwa lokacina ya ƙare.

Na rubuta takardar neman ƙarin lokaci, amma babu ofishin da zai karɓa sai an janye yaji, kuma an ce mini wa'adi ba ya jiran yaji. Idan Malama ta san wata ƙofa, ina roƙo. Idan babu, na gode da duk ɗawainiyar shekarun nan.

Alfarma ɗaya nake nema. Wanda ya yi girbin yayana ne, mai tayar da injin ruwa, wanda aka manna sunansa a bakin ƙofa. Ruwa kawai na roƙe shi, ban taɓa yi masa bayanin lambobin ba, don ban zaci zai kai ga girbi ba. Idan Malama ta haɗu da shi, don Allah kada a yi masa maganar.

Ɗalibarki mai biyayya

*

Yaya,

Wa'alaikumus salam. Buhu ya iso, da ledar. Ko ƙwaya ɗaya ba ta yi huda ba. Ban taɓa ganin wake mai tsabta haka ba, a gaya wa Anti da yara na ce sannunsu.

Allah ya saka maka, Yaya. Abin da ka yi mini babu wanda zai yi.

Ka je ka ba Ciyaman haƙuri, ka koma cikin 'yan'uwanka ku ci gaba da yajinku. Ta wajena babu sauran abin da ke jiran ruwa.

Na fara taka ƙafar da sanda.

Autarka