'Yata Makaranta Ta Canja, Ba Addini Ba

Zuwa ga Shugaban ƙungiyarmu ta Hausawa mazauna Hindawiyya, Makka.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da hidimar jama'a, ranka ya daɗe, ni ne Sani mai taksi, mahaifin Ruƙayya, yarinyar nan da ke karatun lauya a Najeriya. Na je gidanka ban same ka ba, kuma gaskiya ko na same ka bakina nauyi zai yi. Na rubuto a fili ne don a fili aka yi maganar.

Na farko, abin da ya faru a taronmu na watan Rajab. Bayan la'asar, da aka zo rufe taro, ka ce jama'a su ɗaga hannu a roƙa wa 'yar wani ɗan'uwanmu, Allah ya dawo da ita kan hanya. Ina sahun gaba. Na ɗaga hannu, har tausayin uban yarinyar ya kama ni, na ce amin da ƙarfi yadda na saba. Sai ka ƙara da cewa 'yar Malam Sani ce, wadda ta koma wajen Kirista. Hannuna yana sama, kowa ya juyo yana kallona. Alhaji, na girma a cikin wahala, an zage ni a bakin titi da harsuna kala-kala, amma ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Takalmin wani na sa na fito, sai washegari na mayar masa.

Na biyu, asalin maganar, tunda ba a tambaye ni ba. Ruƙayya ta yi nisa da karatu a wata jami'ar gwamnati a Arewa. Yajin aiki ya zo, ya tafi, ya sake dawowa, yarinya tana zaune tana wanke-wanke a gidan kawunta, waɗanda suka fara tare a makarantun kuɗi har sun sa baƙar rigar lauya. Ƙanwata, wadda ke aure a wani gari na tsakiyar Najeriya, ta ce akwai jami'a kusa da gidanta da ke karɓar ɗalibin da ya riga ya fara, kuma ba sa yajin aiki. Coci ce ta kafa ta. Ba zan ɓoye maka ba, raina bai so ba. Akwai gicciye a ƙofar shiga, wasu malaman da addu'arsu suke buɗe darasi. Na yi istihara, na tambayi malamai, na sa mijin ƙanwata ya je ya gani da idonsa. Suka yarda ta sa hijabinta, ta kwana a gidan gwaggonta ba a ɗakin ɗalibai ba, ta fita ta yi sallarta idan lokaci ya yi. An mayar da ita baya da aji ɗaya, ta yi kuka, ta haƙura.

To daga ina ridda ta shigo? Daga bakin mahaifiyarta, ba da niyya ba. Ka san maiɗakina a nan Makka aka haife ta, in ta yi Hausa rabi Larabci ne. A wajen wani suna mata suka tambaye ta labarin Ruƙayya, ta ce: "Alhamdu lillah, ta hawwala, yanzu tana wajen Kirista." Ranka ya daɗe, wace kalma muka fi faɗa a garin nan kamar tahawil? In asibiti ya tura ka wani asibiti, tahawil. In yaro ya bar makarantar Zahir ya dawo ta unguwarmu, tahawil. Amma kafin a kwashe kwanukan suna, "ta hawwala" ta zama "ta juya". Da ta shiga kunnen maza ta zama "ta bar addini". Ko hamdalar da uwar ta fara da ita ba wanda ya tsaya ya auna. Wace uwa ce a Makka za ta yi hamdala a kan 'yarta ta kafirta? Kai kuma da muka ɗora a gaba don ka fi mu natsuwa, lambar wayata tana hannunka, ita kake kira in baƙinka sun sauka a Jidda.

Na uku, abin da maganar ta jawo. Dattawan da nake kaiwa Harami sallar Juma'a sun sami wata mota. Matan layinmu sun daina aiko kwano, in maiɗakina ta yi sallama sai a amsa ciki-ciki. Ni kaina na canja masallaci, ina zagayawa can bayan kasuwa inda ba a san ni ba, kamar wanda ya yi sata. Mahaifiyata, wadda ƙafa ta hana fita, wata mai zuwa dubiya ta je ta yi mata jaje. Tsohuwar ta daina cin abinci sosai. Na rantse mata, na kira Ruƙayya ta karanta mata Fatiha ta waya, amma ta ce ita sai ta ga jikarta ta kai goshi ƙasa a gabanta.

Wannan duk da sauƙi. Ka fi ni sanin garin da muke. A wani wuri wannan gulma ce, a nan kuwa magana ce da za ta iya raba mutum da gidansu. Iƙamar Ruƙayya, wato izinin zamanta, a ƙarƙashina take, kuma dole ta shigo a kan lokaci ko ta rasa. Mutum ɗaya mai ganin yana kishin addini ya isa ya ɗaga waya ya kai rahoto. Ko daga baya an gane ƙarya ce, wa zai goge mata tsayuwar da za ta yi tana rantsuwa cewa ita Musulma ce, a garin da aka yanke mata cibiya?

Labarin ya riga ya kai mata. Makon jiya ta kira ni, ta ce: "Baba, azumin nan in zo, ko in zauna?" Ni da nake bin hanyar Jidda kullum, nake wuce allon nan da ke nuna wa wanda ba Musulmi ba inda zai ratse, na kasa ce wa 'yata ta taho gida. Ta gane, ta ce ba komai, in gaishe mata da Hajiya kakarta. Wannan kunyar ta fi ta ranar taro.

Saboda haka ga roƙona. A taron Sha'aban, ka tsaya inda ka tsaya, da lasifikar da ka riƙe, ka ambaci sunana kamar yadda ka ambata, ka ce Ruƙayya makaranta ta canja. Ka sa uwargidanka ta faɗa wa mata haka, don a wajensu aka fara. In da hali ka taka ka zo ka gaida mahaifiyata, bakinka za ta fi yarda da shi. Wanda yake ganin na yi kuskure da na bar ta ta je can, ya zo ya faɗa min, zan saurara, wataƙila ma yana da gaskiya. Wannan magana ce tsakanina da shi, ba ta taɓa imanin yarinya ba.

Na riga na ce mata ta taho. Da haramin Umra za ta sauka, ni zan ɗauko ta, mu miƙe hanya tana Labbaika a kujerar baya. Ina so in ta shigo layinmu ta yi sallama a amsa mata da baki buɗe.

Allah ya ƙara maka lafiya da girma, ya yi maka jagora a shugabancin nan, ya rufa asirin 'ya'yanka duk inda suke neman ilimi, ya tsare su daga bakin mutane. In ka zo rufe taro, ka roƙa wa Ruƙayya Allah ya sa ta gama lafiya. Ina sahun gaba, ina so in ce amin kaina a ɗage.

Wassalam.

Sani mai taksi,
Hindawiyya, Makka.