Fim ɗin da Malam Ilu Ya Ƙi Wankewa

Dala, Kano
Yuni, 1999

Yaya Hashim,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Aminat da yara. Yaya Minna, yaya ɗalibai? Mu nan alhamdu lillahi, sai abin da ba a rasa ba.

Yaya, soja sun tafi, kowa na murna, gidanmu kaɗai tafiyarsu ta zame wa damuwa. Ka tuna yammacin nan, shekara shida baya, da Baba ya sauko daga kan Dala ya ce ya ga wani abu a sama wanda ba wata ba, ba tauraro ba, ba jirgi ba? Zagayayye kamar faifai, ba ƙara, ya tsaya cak sannan ya ɓace. Ya ce ya ɗauke shi da kyamarar da ka kawo masa. Da aka ce ya wanke fim ɗin, ya ce ba a zamanin soja ba, don kafin hoton ya bushe an kwashe shi har da mai shi. Sai farar hula sun hau. To ga su sun hau, mutanen Dala kuwa ba sa mantuwa.

Kai ka yi nisa, ba ka ga yadda abin ya ci shi ba. Da an ce wani ya ga haske a ƙauye, Baba zai ajiye ɗinkin hularsa ya hau mota ya je ya ji daga bakin mai shi. Ya ce bincike yake yi. Yara sun daina ce masa Malam Ilu mai duban wata, sun koma Mai Faifai. Jiya sai da na bi wasu da muciya har bakin lungu.

Ba tsokanar yara ce ta dame ni ba. Shekara talatin da ɗoriya Baba da amininsa Baba Isyaku suna hawa Dala duk ƙarshen wata. In su biyun suka ce sun ga jinjirin wata, mai unguwa yakan kai maganar gaba ba tambaya. Baba ba shi da gona, ba shi da shago. Abin da ya mallaka a duniya shi ne in ya ce ya gani, an yarda. Shi nake tsoron a raba shi da shi, don an fara ƙus-ƙus a masallaci.

Ka ba ni shawara. A gaida kowa.

Ƙanwarka,
Sa'ida

Minna
Yuli, 1999

Ƙanwata Sa'ida,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na kuma karanta ta da natsuwa. Aminat tana gaishe ki.

Ina ganin kin ɗauki al'amarin da zafi fiye da kima. Ni malamin kimiyya ne, ba zan ce wa ɗalibaina abu ya tabbata ba sai da hujja, ba kuma zan canja wannan don mai maganar mahaifina ne ba. Baba ba maƙaryaci ba ne, wannan ko a gaban wa zan faɗa. Amma mai gaskiya yana iya ganin balan-balan ɗin masu auna yanayi, rana ta haske shi gab da faɗuwarta, ya zaci wani abu ne. Filin jirgin sama ba shi da nisa da Dala.

Mafita ɗaya ce, kuma mai sauƙi: a wanke fim ɗin. In akwai abu a ciki, bakin kowa ya mutu. In babu, Baba ya ce ido ne ya yaudare shi, a wuce wajen. Mutumin da ke cewa yana da hujja amma ya kulle ta a akwati, shi da kansa yake koya wa mutane zarginsa. Ki lallaɓa shi, ke yake ji.

Ki gaishe shi, ki ce ina neman albarka.

Yayanki,
Hashim

Dala, Kano
Rajab

Yaya Hashim,

Sallama da gaisuwa. Na ga lacca, malam, Allah Ya ƙara ilimi. "Ido ne ya yaudare shi, a wuce wajen." Yaya, ka ji abin da ka rubuta kuwa? Mai duban wata ya tashi a gaban jama'a ya ce idona yana yaudarata, sannan wata mai zuwa ya dawo ya ce ku ɗauki azumi, na gani?

Duk da haka na lallaɓa shi, har na gaji. Ranar Juma'ar da ta wuce abin da nake gudu ya faru. Mai unguwa Alhaji Haruna da liman da dattawa suka zo zaurenmu bayan la'asar. Ina bayan ƙofa, ban ɓoye maka ba. Liman ya yi magana a hankali. Ya ce, "Malam Ilu, azumin jama'a ba abin wasa ba ne. Shaidar wata sai adali mai cikakken hankali. Ba mu ce ka rasa ko ɗaya ba, amma mutane suna tambayarmu. Kafin ƙarshen Sha'aban, ko ka nuna hoton nan, ko ka janye maganar. In ba haka ba, ba za mu iya kai shaidarka gaba ba."

Baba ya ce, "Liman, sau nawa ka ɗauki azumi da bakina?"

Liman ya ce, "Ba sa ƙirguwa."

Baba ya ce, "Sau nawa na kawo maka hoton watan?"

Sannan ya ƙara da cewa, "Idon da ya ga wancan abu shi ne ya gano muku wata. Bakin ma shi ne. In sai da hoto za ku yarda da ni, to ba da ni kuka yarda ba, da mai hoto kuka yarda. Ba zan wanke ba, ba zan janye ba."

A nan na gane ashe tsoron soja ba shi ne dalili ba, ko kuwa ya daɗe da daina zama dalili. Ban san abin da ke cikin fim ɗin nan ba, Yaya, wallahi wani lokaci ina jin tsoron babu komai. Amma na san mahaifina. Baba Isyaku yana zaune a wurin, yana kan dutsen kuma ranar da abin ya faru, amma ko tari bai yi ba. Ka rubuta masa, wataƙila kai ya amsa maka.

Taka,
Sa'ida

Soron Ɗinki, Kano
Farkon Sha'aban

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Daga Isyaku zuwa ga ɗana Hashim. Aminci da rahamar Allah su tabbata gare ka da iyalinka. Bayan haka:

Ka tambaye ni abin da na gani a wannan rana. Zan amsa maka kamar yadda zan amsa a kabari. Muna kan dutse gab da magariba, na sunkuya ina alwala da 'yar butata, sai na ji mahaifinka ya yi salati da wata murya da ban san shi da ita ba. Kafin in wanke ƙafa in ɗago, yana riƙe da kyamara. Na dubi inda yake duba, na ga sama kawai.

Ban gani ba. Ban kuma ce bai gani ba. Shekara shida ina roƙon Allah Ya nuna mini ko da gefen abin nan don in tsaya masa, bai nuna mini ba. Ba zan yi shaidar abin da ban gani ba ko don Ilu, shi ma da zai raina ni in na yi.

Dattawa sun haɗa ni da wani yaron liman mu riƙa duba daga saman masallaci. Na karɓa, domin azumin jama'a ya fi abota. Allah Ya sani ban ji daɗi ba.

Wassalam.

Dala, Kano
Farkon Ramadan

Yaya Hashim,

Sallama. Ba zan tsawaita gaisuwa ba, raina a ɓace yake.

Ka zo ka kwana biyu, ka ci tuwo da Baba a kwano ɗaya, ka jira ya tafi masallaci ka buɗe akwatinsa ka ɗauke kyamarar. Ka zaci ba zai lura ba? Ranar da ka tafi ya lura. Na same shi zaune a gaban akwatin a buɗe. Na fara rantsuwa ba ni ba ce, ya ɗaga mini hannu ya ce, "Na sani. Hashim ne. Shi ma hoto yake so." Bai ƙara ba, bai zage ka ba. Da ya zage ka da ya fi mini sauƙi.

Ranar ashirin da tara ga Sha'aban ya hau Dala shi kaɗai, da sandarsa, gwiwar nan tana ba shi wahala. Bayan magariba ya sauko kai tsaye ƙofar mai unguwa, ya ce ya ga wata, ya faɗi inda ya tsaya da yadda ya karkata, kamar kullum. Alhaji Haruna ya ce, "Allah Ya saka da alheri, Malam," ya ci gaba da jan carbi. Ko takalmi bai nema ba. Baba Isyaku daga saman masallaci bai gani ba, ba a kuma ji an gani a wani wuri ba. Aka ce a cika Sha'aban talatin.

Ka san hukuncin: wanda ya gani da idonsa azumi ya hau kansa ko da an ƙi shaidarsa. Washegari gari duk ana ci ana sha, mai ƙosai tana suya a ƙofar gidanmu, Baba yana zaure da bakinsa a bushe. Wasu samari suka wuce suna cewa Mai Faifai ya ɗauki azumin mutanen sama. Ya ji su sarai. Da magariba na kai masa kunu, ya sha ruwa shi kaɗai a duk faɗin Dala. Na koma ɗaki na yi kuka har na gode wa Allah.

Tunda ka ɗauka, ina hoton? Ka ce a wanke bakin kowa ya mutu. Ga shi an gama da shi, hujjarka ba ta iso ba.

Sa'ida

Minna
Tsakiyar Ramadan

Ƙanwata Sa'ida,

Assalamu alaikum. Barka da shan ruwa. Na karɓi faɗanki.

Na ɗauka ne don in riga ƙarshen Sha'aban. Masu hoton nan suka ce fim ɗin ya tsufa, zafi ya taɓa shi, sai a Kaduna. Can ya yi ta zama, sai shekaranjiya ya dawo. Ga shi na sa miki a ambulan.

Kafin ki buɗe bari in gaya miki. Hoto ɗaya ne ya fito. Ana ganin rufin gidaje a ƙasan hoton, a karkace. Sauran duk sama ce. A gefen dama akwai wani farin ɗigo, bai fi ƙwayar gero ba. Na sa gilashin ƙara girma na duba har idona ya yi ja. Mai hoton ya ce zai iya zama tabon zafi. Wani abokin aikina ya ce balan-balan ne. Wani kuma ya ce gefensa ya cika santsi, tabo ba ya yin haka. Ni da na ce hujja za ta raba gardama, ga hujjar a hannuna, ban san abin da nake kallo ba.

Kada ki kai wa mai unguwa, dariya za su ƙara. Ki nuna wa Baba, wataƙila shi ya gane abinsa. Ki roƙa mini gafararsa. Zan zo da Sallah in durƙusa da kaina, in zai yarda ya gan ni.

Yayanki,
Hashim

Dala, Kano
Ƙarshen Ramadan

Yaya Hashim,

Sallama. Ambulan ya iso. Na miƙa wa Baba, ya ce in mayar maka, kai ka biya kuɗin wanki. Bai buɗe ba. Ya ce ka zo da Sallah, gidanku ne, ya yafe.

Jiya a lissafinsa azumi ya kai ashirin da tara, don haka ya hau Dala. Na hana shi saboda gwiwar, bai saurare ni ba. Na tsaya a ƙofar gida ina jira. Sama tas take, ko gajimare babu. Da ya sauko na ga ya wuce kwanar gidan mai unguwa ko waiwaye bai yi ba, ya miƙo gida. Tun ina yarinya nake karanta fuskarsa in ya sauko daga dutsen nan, jiya na kasa.

Na karɓi sandarsa na ce, "Baba, an gani?"

Ya dube ni ya ce, "Ban ɗauko hoto ba, Sa'ida." Ya shige ɗaki ya ja ƙofa.

Allah Ya kawo ku lafiya. A gaida Aminat da yara.

Ƙanwarka,
Sa'ida