Ƙofar motar babanka

Rumen,

Na tafi sayo alkamar sadaka, ban tashe ka ba. Takardar sanarwar rasuwar babanka da muka manna a ƙofar motarsa, na ɓamɓare ta ɗazu. Rana ta gasa gam ɗin, ya kama fenti. Na sa wuƙa, sai na karce wuri biyu. Yi haƙuri. Da yana nan da ya ce, "Ke Radka, tukunya ce?"

Ka shafa wa sauran gam ɗin man girki ya jiƙa, ka goge da tsohuwar singiletinsa. Man ƙyallinsa yana ƙarƙashin kujera.

Baffanka ya ce gobe mu shiga tasa motar. Na ƙi. Ranar arba'in ce, a motar babanka za mu je kabarinsa, tana sheƙi yadda ya bar ta.

Mama