Ni Na Tara Tudun, Sun Sa Masa Sunan Wani

Anti Nesta,

Ki taimake ni da shawara kafin in aikata abin da zan aikata, domin katafila na tsaye a bakin tudu, mai kuma cike da tanki.

Bari ki san wanda ke miki magana. Na bar makaranta a aji uku na sakandare. Da tsohuwar tifa ɗaya na fara, wadda sai an tura take tashi. Babu wanda ya tsaya mini, babu wanda ya ce sannu. Na sayi ramin fasa dutsen da kowa ya ce ya mutu, na raya shi, rabin gidajen kwarinmu da dutsena aka rufa su. Na gina gida, na aurar da 'ya'ya. Da likita ya ce zuciyata na son tafiya, sai na shiga ƙungiyar masu hawan tuddai, na hau duk wani tudu da ke jerin gundumarmu a nan Wales, na bar samari a baya suna haki.

To ga abin da ya faru. Tun ina matashi nake jibge tarkacen dutse a bayan ramin, da kaina na shimfiɗa masa ƙasa, na shuka ciyawa, har tumaki ke kwana a kai. Bara wani jirgin sama mai auna tsayin ƙasa da haske ya bi ta kanmu. Kin san ƙa'ida: sai tudu ya ɗara wuyansa, wato gangaren da ya haɗa shi da na kusa da shi, da mita talatin kafin a kira shi tudu. Nawa ya wuce da mita ɗaya da 'yan kai. Alun Trefor, tsohon malamin makarantar da ke riƙe da jerin, ya kira ni yana murna wai an karɓi tuduna a jerin. Na duba, sai na ga an rubuta Tudun Vaughan.

Vaughan! Iyalin da mahaifina ya yi wa kiwo har bayansa ya lanƙwashe, suka fitar da mu daga gidansu ana tsakiyar sanyi. Ba su taɓa ɗora tsakuwa ɗaya a wurin ba. Alun ya ce sunan filin ke nan a tsohuwar taswira, shi kuma taswira yake bi, sai in mutanen wurin na da wani sunan da suka saba. Na ce masa taswirar nan ta girmi tudun, yaya za ta raɗa wa abin da ba a haifa ba suna? A mashaya kuma 'yan ƙungiya sun samu abin yi. Ina shiga sai wani ya ce, “Ga mai girma sarkin juji, a ba shi kujera!” Don tun da can Jujin Gwynfor suke ce wa tudun, da sunana. Matata Eirlys ma cewa ta yi, “Maigida, mutum da furfura yana rigima a kan tarin shara?”

Na sa wa ƙofar filin kwaɗo, ba mai hawa. Kuma na faɗa wa Alun: ko a gyara, ko in aske mita biyu daga ƙoƙon kan tudun ya fita daga jerin. Ni na yi shi, ni zan rage shi. Na san kina ɓoye sunayen masu rubuto miki. Ni kada ki ɓoye nawa. A rubuta shi a shafinki, a rubuta shi a jerinsu.

Gwynfor Maddocks

*

Malam Gwynfor,

Ga sunanka nan na buga, harafi bai ɓace ba. Yanzu kashe katafila ka saurare ni.

Kana da gaskiya a kan zafin da ka ji. Ba girman kai ba ne mutum ya ƙi a liƙa wa guminsa sunan waɗanda suka kori mahaifinsa. Amma Alun bai zage ka ba. Mai riƙe jeri in ya fara raba sunaye don wani ya ɗaga murya, gobe kowa zai zo da nasa. Kuma da kanka ka rubuto cewa ya bar maka ƙofa: sunan da mutanen wuri suka saba ya fi na taswira ƙarfi. Fushi ne ya hana ka ji.

Ka yi tunanin askin nan. In ka rage tudun, jerin zai rasa layi ɗaya, masu hawa su wuce na gaba, filin kuma ya ci gaba da amsa sunan Vaughan a taswira har abada. Kai kaɗai za ka riƙa buɗe taga kana ganin aikin hannunka da yankakken kai.

Mutanen kwarinku sun riga sun sa masa suna, kuma naka ne a ciki. Kalmar juji ce ke maka ciwo, na sani. To, ba kwaɗo ke canza ta ba. Wanda bai hau ba, juji yake gani daga hanya. Wanda ya hau ya yi haki ya hango teku, da bakinsa zai ce tudu. Cire kwaɗon. Gayyaci 'yan ƙungiyar wata Asabar, har da masu tsokanar, ka haɗa shayin da kanka, ka roƙi Eirlys ta zo. Sannan maƙwabta da tsofaffin ma'aikatanka su shaida wa Alun yadda suke kiran wurin. Mai yiwuwa Tudun Gwynfor zai fito, mai yiwuwa juji ya ɗan daɗe. Ko wanne ne, ka karɓa da dariya.

In ka sa rana ka sanar da ni. Mita talatin da 'yan kai ne iyakar abin da gwiwoyina ke iyawa yanzu, ka ga kada ka rage ko taku ɗaya, kada kuma ka ƙara. Allah ya ƙara wa zuciyarka lafiya, ya sanyaya ta.

Anti Nesta